Ƙarfen Gaskiya a Ƙofar Mai Gari

Mahaifina yana da sanduna biyu na baƙin ƙarfe, kowanne bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Wani Balarabe mai fataucin takarda ne ya ba shi su tun kafin a haife ni. A cikin littattafai sunansu maganaɗisu, amma mutanen garinmu mayen ƙarfe suke cewa. Idan tsartsatsin ƙarfe ya faɗa wa maƙeri a ido, sai a riƙo hannunsa a kawo shi zaurenmu yana hawaye. Baba ya buɗe masa fatar ido da yatsa, ya matso da sanda ɗaya a hankali, sai ɗan baƙin abin ya taso da kansa ya manne. Maƙerin ya tashi yana ta sa albarka, Baba kuma ya mayar da sandunan cikin gafakar littattafansa.

Garinmu ƙarami ne, a bakin Kwara yake, yamma da Bagudo, wanda ya fita da sassafe zai ci kasuwar Lolo kafin rana ta yi zafi. Baba malami ne, kuma ba shi da ɗa namiji da ya rayu, don haka ni ya zaunar a gabansa. Bayan na sauke Alƙur'ani ya ɗora ni a kan littattafai, ya koya mini rubutun ajami, wanda da shi nake rubuta wannan.

Wata ranar damina ruwa ya hana kowa fita. Ina zaune ina kallon yadda ɗigon ruwa ke sauka daga bakin bunu, sai Baba ya ce in miƙo masa zare. Ya ɗaure sanda ɗaya a tsakiya, ya rataye shi a jikin azara. Ƙarfen ya yi ta juyi kamar mai neman wani a cikin taro, daga baya ya tsaya cik, kansa ɗaya yana duban arewa. Na kaɗa shi da yatsa, ya zagaya ya dawo inda yake. Baba ya ɗiga wa wannan kan jar tawada. Ya rataye na biyun, shi ma haka, shi ma aka ɗiga masa.

Sai ya ba ni su biyun a hannu ya ce in haɗa mai ja da marar ja. Ban gama matso da su ba suka ƙwace daga yatsuna suka manne, ƙas! Na ɓamɓare su da ƙyar. Ya ce in juya ɗaya, ja ya fuskanci ja. Na matso da su, suka ƙi. Babu komai a tsakaninsu, ina ganin tabarma ta cikin ratar, amma akwai wani abu mai laushi yana tura hannuna baya, irin turin da ake ji idan an sa tafin hannu a gaban igiyar ruwa. Na ƙara ƙarfi, ɗayan ya zame gefe.

Na ce, “Baba, faɗa sunka yi?”

Ya yi dariya har rawaninsa ya motsa. Ya ce, “Ba faɗa ba ne, ɗiyata. Kowane ɗaya kai biyu gare shi. In kai ya gamu da irinai sai su ture juna, in ya gamu da wanda ba irinai ba sai su jawo juna. Babu aljani ciki. Hali ne Allah Ya ɗora wa ƙarfen, awa yadda Ya ɗora wa ruwa gangara.”

Na wuni da su a hannu ranar, har Inna ta yi ta kira in zo in tsince shinkafa ban ji ba. Turin ya fi jan burge ni. Abin da ake ji ba a gani, kuma ba ya gajiya.

Ina da shekara goma sha wani abu Nasara masu yanka iyaka suka iso. Ƙungiya biyu ne, na Ingilishi da na Faransi, da 'yan dakonsu da tutoci da doguwar sarƙar awo. Suna da wani ɗan akwati mai allura a ciki wanda ba sa motsawa sai sun duba shi. Baba ya leƙa sau ɗaya, ya dawo gida ya ce mana ɗan'uwan sandunansa ne, an dai yi masa gida na tagulla. Suka tara duwatsu yamma da gari, suka ce daga nan zuwa can ƙasar Dahome ce, ta Faransi. Mutane ba su ɗauki abin da nauyi ba a lokacin. Gonakin wasu suna can, surukan wasu suna can, kuma tungar kawuna, ƙanen Inna, wanda masunci ne, ita ma tana can.

Baba ya rasu bayan kaka ta biyu da yin haka. Mai gari ya aiko aka ce in riƙa zuwa gidansa da hantsi ina biya wa 'ya'yansa mata karatu. Ina son aikin. Ɗakin da muke zama yana bayan zaurensa, zana ce kawai ta raba mu da wurin da ake shari'a.

A shekarar ne Faransi suka fara kama maza a tsallake, wasu dako, wasu aikin hanya. Waɗanda aka tafi da su kaɗan ne suke dawowa, waɗanda suka dawo kuwa ƙashi da fata. Mutane suka yi ta gudowa. Kawu ya iso a jirginsa da matarsa da 'ya'yansa mata biyu da taru da tukwane, ya sauka a gidanmu. Ba a daɗe ba magana ta zo daga sama: Faransi sun yi ƙorafi, don haka duk wanda ba haifaffen wannan ɓangare ba ne a mayar da shi.

A wurinmu garin mutum shi ne inda aka binne mabiyiyarsa ranar da aka haife shi. To, wa yake da shaidar wannan? Masunta ruwa suke bi, a haife ka a nan ka girma a can. Mai gari ya so a riƙa rantsar da mutane da Alƙur'ani, liman ya ƙi. Ya ce ba zai ɗora Littafin Allah a hannun mutanen da tsoro ya kora ba, a kan rigimar Nasara biyu.

Ana cikin haka wani baƙo ya sauka a garin. Dogo ne, da jar hula, ya ce ya yi wa masu yanka iyaka dako, yana jin Hausa da Dendanci da ɗan abin da ba a rasa ba na bakin Nasara. Ya nuna wa mai gari wasu abubuwa biyu da aka ɗinke cikin jar fata kamar layu, kowanne da ɗan tuntu a kai ɗaya. Ya ce ƙarfen gaskiya ne, da shi Nasara suke gane maƙaryaci. Mai gari ya yi murna, ya sami abin da zai sauke masa nauyi.

Ranar farko ta gwaji na leƙa ta ramin zana. Wanda ake tuhuma zai shimfiɗa tafin hannu, baƙon ya ɗora masa ɗaya, ya ce ya faɗi inda aka binne mabiyiyarsa. Sai ya zaro ɗayan daga hannun rigarsa ya matso da shi. In sun manne, gaskiya ce. In na tafin hannun ya kauce, ƙarya ce. Wani tsohon Bafulatani ya fara, suka manne, jama'a suka yi kabbara. Sai wani masunci Badende da ba shi da kowa a garin sai matarsa. Ya faɗi maganarsa, ƙarfen ya juya ya kauce kamar an hure shi. Dogarai biyu suka tasa shi gaba zuwa yamma.

Na gane abin tun a motsin farko. Na kuma ga yadda baƙon yake yi: na tafin hannun kullum tuntunsa yana gaba, nasa kuwa wani lokaci ya fito da tuntu a gaba, wani lokaci a baya. Na gani sarai, ban ce komai ba. Na juya na ci gaba da biya wa yara karatu, bakina yana faɗin ayoyi, kunnena yana bin kukan matar Badenden har ya ɓace.

Da na koma gida na gaya wa Inna. Ta dube ni, ta dubi ƙofa, ta ce, “Rufe bakinki. Ke wa, mai gari wa? Marainiya ta ce za ta ƙaryata abin da maza sunka taru sunka yarda da shi?”

Kafin kwana uku kowa ya lura cewa waɗanda suka kai wa baƙon gaisuwa a masaukinsa, da kaza ko ƙwaryar busasshen kifi, ƙarfe yana manne musu. Matar kawu ta roƙi mijinta ya kai ko da tarwaɗa biyar ne. Ya ce ba inda za shi.

“Mi zan kai mishi? Bayan ɗakin Iya anka binne mabiyiyata, gindin tsamiya. Mai gaskiya mi ya haɗa shi da tsoron ƙarfe?”

Na ɗauko sandunan Baba na zauna kusa da shi yana gyaran taru. Na haɗa su, na juya, na nuna masa sau uku. Ya kalla da sha'awa kamar yana kallon wasan yara, ya shafa kaina ya ce, “Ɗiyar yaya, na Malam daban. Wanga na Nasara ne, su da sunka san komi.” Ya ci gaba da ɗinkinsa.

Ranar gwajinsa na ƙulle sandunan Baba a bakin zanena kafin in fita, ban san me zan yi da su ba. Na zaunar da yara, na ba kowace allonta, na koma bakin zana. Ƙofar mai gari ta cika. Aka kira kawu, ya fito da rigarsa ta Juma'a, ya shimfiɗa hannu, ya faɗi maganarsa da ƙarfi yadda na baya ma za su ji. Baƙon ya zaro nasa, tuntu a gaba. Na tafin kawu ya juya ya kauce.

Kawu bai yi gardama ba, bai dubi baƙon ba. Tafin hannunsa ya tsaya kallo, baki a buɗe. Can ya ce, a hankali, “To ko Iya ta manta ne?”

Wannan maganar ce ta tashe ni. An sa mutum yana shakkar uwar da ta haife shi saboda guntun ƙarfe. Na ja mayafi, na bi ta cikin zaure, na fito gaban maza na durƙusa nesa kaɗan da buzun mai gari.

Mai gari ya ce, “Ɗiyar Malam, lahiya? Mi yak kawo ki cikin maza?”

Na ce, “Ranka shi daɗe, ni ma so nike a gwada ni.”

Aka yi dariya. Wani daga baya ya ce, “Ke ma Dahome anka haife ki?”

Baƙon ya ce, “Ƙarfen ga ba shi gwada mata.”

Liman ya ce, “Ashe gaskiyar Nasara maza kaɗai ta sani? A bar ta mana.”

Na ce, “Roƙona ɗaya, ranka shi daɗe. Kai za ka riƙa ɗayan. Babu hannun da ya kai naka daraja garin ga.”

Baƙon ya buɗe baki zai yi magana, amma mai gari ya riga ya miƙa hannu. Ya karɓa ya riƙe, tuntu yana fuskantata. Aka ɗora mini ɗayan. Na gyara shi da babban yatsa, tuntunsa ya koma baya. Na ɗaga murya na ce, “Ni namiji ne, gemuna ya kai cibiya.”

Mai gari ya matso da hannu. Ƙas! Suka manne.

Wurin ya fashe da dariya. Maƙerin garinmu ya yi dariya har ya kwanta a jikin na kusa da shi. Wani ya ce, “Barka da gemu, Malam!” Ban yi dariya ba. Na ɓamɓare ƙarfen, na ɗaga shi sama kowa ya gani, na juya shi tuntu ya dawo gaba, na ce, “Kwara ruwa ne, kihi na cikinai.”

Mai gari ya matso da nasa. Nawa ya kauce ya faɗi ƙasa.

Na ɗauka na ce, “Yanzu ba ni cewa komi.” Na yi shiru, na juya shi baya, suka manne. Na juya shi gaba, suka rabu. Na ce, “Ranka shi daɗe, ƙarfen ga ba shi jin magana. Kai biyu gare shi. Tuntu da tuntu iri ɗaya ne, ture juna su kai. Tuntu da gindi kuwa sai su manne. Wanda ya riƙa na biyun shi ka zaɓen mai gaskiya.”

Baƙon ya miƙe tsaye ya nuna ni da yatsa. “Mayya ce! Ta lashe kurwar ƙarfen. Ku dubi idanunta!”

Wasu suka ja da baya, na ga haka da idona. Sai na kwance bakin zanena na fito da sandunan Baba, tsirara, babu fata babu tuntu, da ɗigon jar tawadarsu. Maƙerin ya rarrafo ya duba ya ce, “Wallahi na Malam ne. Wanga shi yac cire min tsartsatsi ga ido har sau biyu.” Na ba shi su na ce ya haɗa ja da ja. Ya gwada da hannayensa da suka saba da guduma, ya cije leɓe, suka ƙi. Ya juya ɗaya, suka manne. Ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya miƙa gaba.

Mai gari kuwa yana kan buzunsa da na baƙon biyu a hannu, yana matsowa yana juyawa, yana matsowa yana juyawa, ya manta da mu ɗungum. Sai da liman ya yi gyaran murya ya ɗago. Na zaci wajen baƙon zai duba. Ni ya duba, fuskarsa a murtuke.

“Kin san abin ga tun yaushe?”

“Tun ranar hwarko, ranka shi daɗe.”

“Kullum kina cikin gidana, ba ki iske ni a ɓoye ba, sai yau gaban jama'a? Kin kunyata ni ƙohwar gidana.”

Rabin maganarsa gaskiya ce, kuma ta soke ni. Amma na ce, “Shirun da niy yi laihina ne, Allah Shi gahwarta min. Kunya kuwa ba ni nik kawo ta ba, ranka shi daɗe. Cikin jar hwata anka kawo ta, kai kak karɓa.”

Dogari ya daka mini tsawa. Inna, wadda ashe tana cikin mata a bakin katanga, ta saki salati. Liman ya ɗaga hannu ya ce a bar wannan, ga mutum tsaye yana jiran hukunci. Ya ce a shari'a shaidu ake nema, kuma ungozomar da ta yanke wa kawu cibiya tana raye. Aka ɗauko ta, tsohuwa tukuf, ba ta gani sosai. Ta laluba fuskar kawu ta ce, “Wanga ai mai kukan nan ne da yah hana unguwa barci wata uku. Gindin tsamiya nib binne tashi, ni da hannuna.” Inna ta shaida, wani dattijo ya shaida. Mai gari ya ce kawu ya tafi gida, ɗan gari ne. Da aka waiwaya neman baƙon, ba a gan shi ba. An ce an hange shi a hanyar Kamba kafin azahar.

Badenden nan bai dawo ba. Kawu ya tsallaka sau biyu yana cigiya a tungayen da ya sani, ya dawo ba labari. Matar Badenden ta zauna wata guda tana soya kifi a bakin ruwa, sannan ta bi wani jirgi ta tafi. Ban taɓa iya gaishe ta ba. Duk lokacin da na hango ta sai in sake hanya.

Bayan kwana biyu jakadiyar mai gari ta zo gidanmu. Ta ce uwargidansa ta ce kada in ƙara zuwa, sai dai in zan je in durƙusa in ce ƙuruciya ce ta ɗebe ni. Inna ta ce, “Za ta zo. Gobe da sahe za ta zo.”

Na ce, “Inna, ki gahwarce ni, ba ni zuwa. In na ce ƙuruciya ce, na ce ƙarfen ya yi gaskiya, kawu ya yi ƙarya.” Na juya ga jakadiyar na ce, “Gwaggo, ki gai da uwargida. Ki ce mata zauren Malam a buɗe yake, duk ɗiyar da ka son karatu ta zo da allonta.”

Inna ta yi kwana huɗu ba ta yi mini magana, sai dai ta ajiye mini tuwo ta wuce. A rana ta biyar kawu ya zo da itatuwa ya fara auna wurin ɗaki a bayan gidanmu, don ya ce ya gaji da kwana a zaure kamar baƙo. Ni nake riƙe masa igiya yana kafa dirka. Inna ta fito ta tsaya tana kallonmu, hannu a ƙugu, ta ce ya matsa gabas kaɗan, zai tare mata hanyar rumbu.

Kawu ya ce, “Yaya, ɗan gari ne ni, da shaidu uku. Inda nis so nan ni ka kahwawa.”

Ta ce, “Shaidunka uku ba su hana ni tuge dirkar ga.” Ta dube ni ta ce, “Ke kuma mai gemu, ja igiyar da kyau, ta karkace.”

Ya matsa gabas ɗin. A ɗakin yake har yau.